Waiwaye Adon Tafiya: Kiɗa da Waƙa a Zamanin Rediyon Matsakaicin Zango a Ƙasar Dawakin Kudu

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dawakin Kudu tsakanin shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1980, ko a cikin garin Dawaki ne, ko Tsakuwa, ko Tamburawa, ko Gano, ko 'Yargaya, zai iya tuna cewa akwatin rediyo na cikin manyan kadarorin da magidanci ke tinƙaho da su. A wancan lokaci ana ɗinka masa riga ta fata ko ta yadi, a rataye shi a kafaɗa ko a ƙahon keke, kuma yaro ba ya taɓa shi sai da izini. Yawancinmu da muke zaune a birane yau, ta cikin wannan akwati muka fara jin muryar duniya, kuma mafi yawan abin da muka ji kiɗa ne da waƙa. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihin yadda wannan kiɗa ya riƙa isowa gare mu a kan matsakaicin zango, wato abin da aka rubuta AM ko MW a fuskar rediyo, da irin rawar da ya taka a rayuwar manoman yankinmu, da kuma abin da ya rage a hannunmu daga cikinsa.

Daga Waya Zuwa Iska

Rediyo ya fara shigowa Kano ne ta waya. A shekarar 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tashar rarraba shirye-shirye a birnin, inda aka ja wayoyi zuwa lasifikokin da aka kafa a wuraren taruwar jama'a da gidajen waɗanda suka iya biyan kuɗin haya. Irin wannan akwati tasha ɗaya tak yake kamawa, kuma iyakarsa inda waya ta tsaya. Saboda haka mutumin Dawaki ba ya jin sa sai ranar da fatauci ko wata hidima ta kai shi birni, ya dawo yana ba da labarin akwatin da ke magana. A daidai wannan zamani na Yaƙin Duniya na Biyu ne Malam Bello Dandago da Malam Isa Kaita suka yi aikin watsa labarai da Hausa daga birnin Ankara na ƙasar Gana ta yau. Sunan na farkon ne aka sanya wa ginin Rediyon Kano, wato Gidan Bello Dandago.

Abubuwa biyu ne suka fito da rediyo daga birni zuwa karkara. Na farko shi ne ƙirƙiro tiransisto a Amurka a 1947, wanda ya ba da damar ƙera ƙaramin rediyo mai aiki da batir, mara buƙatar wutar lantarki. Kafin ƙarshen shekarun 1950 kamfanonin Japan sun fara cika kasuwannin duniya da shi. Na biyu kuwa shi ne kafa manyan tashoshi masu watsa shiri ta iska. An kafa Hukumar Watsa Labarai ta Nijeriya, NBC, a 1957, shekarar da BBC ta buɗe sashenta na Hausa. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ta kafa nata kamfanin, BCNN, wanda jama'a suka fi sani da Rediyo Kaduna. Daga baya, a sauye-sauyen da gwamnatin soja ta yi a 1978, Rediyo Kaduna ya koma ƙarƙashin hukumar tarayya ta FRCN, aka kuma miƙa wa jihohi tashoshin da ke cikinsu. Ta haka Jihar Kano ta mallaki gidan rediyonta.

Daga nan kunnen mutumin Dawakin Kudu ya rabu gida biyu. Akwai Rediyon Kano, wanda ake kamawa garau a matsakaicin zango saboda kusanci, akwai kuma Kaduna, wadda ake samu a matsakaicin zango da kuma gajeren zango a kan mita 49. Tashoshin ƙetare irin su BBC da Muryar Jamus, da Muryar Amurka wadda ta fara Hausa a 1979, na labarai ne, ana nemansu a gajeren zango a lokutan da aka sani. Idan an gama labaran duniya sai a mayar da allura gida, domin a nan kiɗa yake.

Ruwan Tiga da Akwatin Rediyo

Yaɗuwar rediyo a yankinmu ta zo daidai da wani babban sauyi a harkar noma. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko kuma, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, ya mayar da hankali ga gina madatsun ruwa. Bayan ta Bagauda, wadda ta shayar da gonakin gwaji na Kadawa, aka gina babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a daidai shekarun da fari ya addabi ƙasashen Sahel da arewacin Nijeriya. Daga Tiga aka ja manyan magudanan ruwa zuwa filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, a wani shiri da aka tsara kashinsa na farko zai shayar da kimanin hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda daga baya ragamar aikin ta koma hannunta.

Kafin wannan lokaci, rani lokacin cin rani ne. Da an kai amfanin gona gida sai samari su kama hanyar birni ko kudu, waɗanda suka rage kuma su koma saƙa da rini da 'yan lambunan bakin kogi da ake ba ruwa da jigo. Zuwan ruwan Tiga ya buɗe wata damina ta biyu a tsakiyar hunturu, ta alkama da tumatir da albasa, daga baya kuma shinkafa ta mamaye. Mutanenmu da yawa sun tsallaka kogi sun kama gonaki ko sun yi ƙwadago a wannan shiri, wasu kuma suka faɗaɗa lambunansu a fadamun Tamburawa da kewaye. Kuɗin tumatir da alkama su suka sayi keke da kwanon rufi da rediyo. Ma'aikatan gwamnati kuma suka samu ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, wanda ya sa shagunan Kano suka cika da rediyo ƙirar National da Philips da Sanyo.

Noman rani aiki ne na jira. Mai ban ruwa yana jiran layinsa ya zo, wani lokaci cikin dare, mai gadin tumatir yana kwana a bukka, mai korar tsuntsaye yana yini a bakin gona. Noman damina an san shi da gayya da gangar noma, inda makaɗi ke bin bayan manoma yana zuga su da kirari. Noman rani kuwa bai zo da makaɗinsa ba, mutum ne shi kaɗai da fartanyarsa da sanyin hunturu. Wannan gurbi ne rediyo ya cike. Duk wanda ya taɓa ratsa gonakin nan da daddare a wancan zamani zai tuna yadda kalangu ke tashi daga wannan bukka, ka yi gaba kaɗan ka ji ci gaban waƙar daga wata bukkar, domin tasha ɗaya kowa ya kama.

Makaɗan da Suka Cika Zango

Babu shakka Alhaji Mamman Shata Katsina shi ne ya fi kowa mamaye wannan zango. Muryarsa da kalangunsa sun zama kamar wani agogo a gidajenmu, har yara kan haddace Bakandamiya ba tare da sun taɓa ganin mai ita ba. A gefensa akwai Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, wanda ya ɗauki talaka da ɗan ƙwadago da karen mota ya mayar da su abin waƙa. Akwai Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, da Sarkin Taushin Katsina, waɗanda suka fito da kiɗan fada daga zaurukan sarakuna suka kawo shi har bukkar mai gadin albasa. Akwai Ɗan'anace da waƙoƙin 'yan dambe, da Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, da makaɗan kukuma irin su Garba Sufa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka. A ɓangaren mata kuwa, Barmani Choge da Uwaliya Mai Amada sun shiga har cikin ɗakunan iyayenmu mata da ke cikin kulle, inda namiji makaɗi ba ya isa.

Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne a tarihin kiɗan Hausa. A da, kowane kiɗa da masu shi da wurinsa. Kiɗan taushi da kotso na sarauta ne, kalangu na mahauta da 'yan dambe da 'yan mata, gangar noma ta manoma, amada ta mata a cikin gida. Talaka ba ya zama a kaɗa masa taushi. Rediyo ya rushe wannan katanga, ya jera su duka a faifai ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowa damar ji. Haka kuma ya haɗa karin harshe, domin ta bakin makaɗan Sakkwato da Zamfara ne yaron Dawaki ya fara sanin Sakkwatanci tun bai taɓa wuce Gwarzo ba.

Gwamnatoci ma sun gane ƙarfin wannan hanya. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, waƙoƙin ƙarfafa gwiwar soja sun cika tashoshi. Da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da kuma lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, da waƙa aka wayar da kan mutanen karkara. Har ila yau akwai wani kiɗan da ba a so a ji, wato badujalar soja da sassafe. Tun daga 15 ga Janairun 1966, jama'a suka koyi cewa idan aka buɗe rediyo aka ji ta babu ƙaƙƙautawa, to gwamnati ta faɗi ko tana tangal-tangal. Haka aka wayi gari ranar 13 ga Fabrairun 1976, ranar da aka kashe Janar Murtala Muhammed.

Zaɓi Sonka

Idan ana maganar kiɗa a rediyon wancan zamani, dole a tsaya a kan shirye-shiryen zaɓe da gaishe-gaishe, waɗanda Zaɓi Sonka na Rediyo Kaduna ya fi shahara a cikinsu. Tsarin mai sauƙi ne. Mai sauraro zai sayi katin zaɓe, ya rubuta sunansa da garinsu da jerin waɗanda yake gaisarwa, ya aika gidan rediyo, sannan ya zauna jiran ranar da za a karanta. Jiran kan ɗauki makonni. Ranar da aka ambaci sunan mutum da na ƙauyensu kuwa, labari ne da za a kwana ana yi, domin an ji shi daga nan har Jamhuriyar Nijar da Kamaru da zangunan Hausawa na Gana.

Daga wannan shiri ƙungiyoyin 'yan zaɓi sonka suka tsiro a garuruwa da ƙauyuka, da shugabanninsu da laƙabobinsu, suna ziyartar juna a bukukuwan aure da suna. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka zama aminai ta hanyar jin sunayen juna. Ga ɗan ƙasarmu da ke cin rani a Legas ko Ibadan ko Fatakwal, katin zaɓe shi ne hanyar da zai shaida wa gida cewa yana nan lafiya, a zamanin da babu wayar tarho a ƙauye, wasiƙa kuma sai an sami mai zuwa. Mu da muke zaune a birane yau muna kiran gida sau uku a yini, ya kamata mu tuna cewa magabatanmu a zaman birni da waƙar Shata da kati ɗaya suke aika gaisuwar wata guda.

Kiɗan Turawa da 'Yan Makaranta

Matsakaicin zango bai tsaya ga kalangu da kukuma ba. Tashoshinmu suna da sa'o'in Turanci, kuma a cikinsu ne samari 'yan boko suka haɗu da abin da dattawa ke kira kiɗan Turawa, ko da kuwa baƙar fata ne ya yi shi. A nan aka ji James Brown da Jimmy Cliff da Bob Marley, da Don Williams mai sanyin murya, da kuma kiɗan jita mai ƙarfi da ake kira rok. Nijeriya ma ta yi nata 'yan rok bayan yaƙin basasa, irin su BLO da Funkees da Ofege, na ƙarshen nan kuwa 'yan makarantar sakandare ne a Legas lokacin da suka yi suna. A Arewa kuma Bala Miller ya ɗauki kayan kiɗan zamani ya rera waƙa da Hausa a kansu. Ga kuma waƙoƙin finafinan Indiya na Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, da kiɗan Sudan, waɗanda suka sami karɓuwa har wurin waɗanda ba su je makaranta ba.

A ƙasarmu, babbar matattarar wannan kiɗa ita ce makarantun kwana, musamman bayan da aka buɗe Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Kudu a 1977, tare da takwararta ta Dawakin Tofa. Ɗalibai daga sassan tsohuwar Jihar Kano suka taru wuri ɗaya, 'yan birni suka zo da abin da suke ji, 'yan karkara suka zo da nasu. Ƙaramin rediyo a ƙarƙashin matashi bayan an kashe fitila abu ne da dokar makarantun kwana ta hana, amma kowa ya san ana yi. Da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin da suka fito daga irin waɗannan makarantu sun gyara Turancinsu ne da sauraron masu gabatar da waɗannan shirye-shirye.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. A Amurka ma a kan matsakaicin zango kiɗan rok ya girma, tun daga lokacin da Alan Freed ya fara sa shi a wata tasha a birnin Cleveland a 1951. A Ingila kuwa, da yake BBC ba ta ba shi fili sosai, matasa sun riƙa kamo Rediyo Luxembourg da daddare, har a 1964 wasu suka kafa tashar Rediyo Caroline a cikin jirgin ruwa a kan teku don kauce wa doka. Saurayin Landan da ɗalibin Dawaki duk dare suke jira, kuma dalilinsu ɗaya ne.

Sirrin Dare

Dalilin kuwa na kimiyya ne. Da rana, saƙon matsakaicin zango yana bin doron ƙasa ne, yana raunana gwargwadon nisa, wanda ya yi sama kuma wani rufin iska da hasken rana ke haifarwa sai ya shanye shi. Da rana ta faɗi wannan rufi yakan watse, sai saƙon ya haura zuwa wani rufin da ke sama da shi, ya dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa bayan sallar isha'i allurar rediyo kan cika da baƙin tashoshi, a ji Faransanci da Larabci da harsunan da ba a san su ba, a ji Muryar Sahel daga Nijar, muryar tana zuwa tana komawa kamar ana kaɗa ta da iska.

Manomi bai karanta wannan a littafi ba, amma ya san aikinsa. Ya san cewa idan murya ta dushe sai a juya akwatin gabas ko arewa, domin eriyar matsakaicin zango wani ɗan sanda ne a kwance a cikin akwatin, mai son a daidaita shi da inda tasha take. Ya san cewa idan rediyo ya fara tartsatsi a ƙarshen bazara, to ana walƙiya a wani wuri, hadari na tafe ko da ba a gan shi ba. Ya san shanya batir a rana don a ƙara matsar kwana ɗaya ko biyu daga jikinsa, da ɗaure manyan batura da roba a bayan akwati idan ƙananan sun gagara saya.

Sauyin Zamani

Kaset ne ya fara rage wa rediyo iko, domin daga ƙarshen shekarun 1970 mutum na iya sayen waƙar da yake so ya ji ta lokacin da ya ga dama. Sannan zangon FM ya zo da murya garau wadda walƙiya ba ta damunta, sai dai ba ta nisa. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar kafa tashoshi, a Kano kuma Freedom Radio ta fara aiki a 2003, wasu da dama suka biyo baya. A daidai wannan lokaci waƙoƙin finafinan Hausa masu kiɗan fiyano suka kama kunnen matasa, manyan makaɗan kuma suka yi ta tafiya: Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Manyan na'urorin matsakaicin zango masu cin wuta da man dizal suka zama nauyi ga masu su. Ko a Turai, Jamus da gidan rediyon gwamnatin Faransa sun rufe nasu a ƙarshen 2015. Yau mai ban ruwa a Kadawa da wayar hannu yake aiki, waƙoƙinsa na cikin ɗan katin ajiya, kuma abin da yake ji daban yake da na maƙwabcinsa.

Kammalawa

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ba kukan bara ya sa muka yi wannan waiwaye ba. An sami ci gaba, kuma babu mai son komawa zamanin shanya batir. Abin da ke gabanmu shi ne abin da zai ɓace idan muka yi sakaci. Manyan makaɗan da muka ambata sun tsira, domin an ɗauki muryoyinsu, suna nan a intanet. Waɗanda ke cikin haɗari su ne namu na gida, wato masu gangar noma da makaɗan bukukuwa da zabiyoyin ƙauyukanmu, waɗanda in ma an taɓa ɗaukar su, to a kaset ɗin wani mai sha'awa ne. Zaren kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura da damshi na shekaru masu yawa.

A cikin akwatunan iyayenmu da adakokin kakanninmu akwai irin waɗannan kaset-kaset, da tsofaffin katunan zaɓe, da hotunan ƙungiyoyin masu sauraro. Akwai kuma dattawan da suka yi wannan zamani, waɗanda har yanzu za su iya faɗin wane shiri ake yi a wace rana, da wanda ya fara kawo rediyo unguwarsu. Mayar da kaset zuwa kwamfuta aiki ne da ɗalibi ɗaya zai iya yi da ƙaramar na'ura. Muna kira ga 'yan uwa mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas, duk wanda ya je gida hutun salla ya tambayi abin da ke cikin adaka, ya zauna da dattijon gidansu ya ɗauki hirarsa a waya, ya rubuta sunan makaɗin da garinsu da shekarar da aka ɗauka in an tuna. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon adana abin da suka bari.